Me ya sa fita wurin wasan yara take kama da Sallah?

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa duk ranar da kuka kai yara wurin shaƙatawa sai ki ji kamar Sallah, alhali tsakiyar shekara ce. A ganina shirin ne yake kawo haka, tun kafin a bar gida. Yara ba sa barci daren jajibirin fitar, da asuba an yi wanka, an sa sababbin kaya, an cika kula da shinkafa da soyayyen nama, uba kuma ya saki aljihu. To me ya rage?

Mu da muka tashi a Kano, Gidan Zoo na Audu Bako ne wajen yawon Sallarmu, shi ya sa ƙamshin gugguru da ihun yara a kan lilo suke mayar da mu can. Haka Magic Land na Abuja. Masu wuraren ma sun san sirrin. Disneyland ta Amurka, da aka buɗe a 1955, da faretin 'yan wasa da wasan wuta take riƙe baƙinta.

Autana dai ranar da muka je ƙarshe, a mota ya miƙo hannu wai a ba shi goron Sallah.