Tambaya da Amsa: Matar da ta riƙe makullin zinariya a fadar Ingila

Tambaya: Ni malamar tarihi ce a wata makarantar 'yan mata a Daura. Ina cikin yi wa ɗalibaina bayanin matsayin Magajiya da jakadiya a fadojinmu, sai wata ta tambaye ni ko a fadar Ingila an taɓa yin macen da ba ita ke sarauta ba, amma maganarta tana da nauyi a wurin mai mulki. Ina neman misali ɗaya da zan kai musu.

Amsa: Malama, ki kai musu labarin Sarah Churchill, wadda aka haifa a 1660. Tun tana 'yar shekara 13 aka kai ta fada hidima, a can ta shaƙu da Gimbiya Anne, har ta kai ga suna rubuta wa juna wasiƙu da sunayen da suka laƙaba wa kansu, don kada girman sarauta ya shiga tsakaninsu. Da Anne ta hau gadon mulki a 1702, sai ta danƙa wa ƙawarta kula da tufafin sarauta da baitulmalin sarauniya, ta kuma ba ta makullin zinariya wanda shi ne alamar babban muƙaminta. A nan ta yi kama da jakadiya, domin mai neman ganin sarauniya ko neman muƙami yakan bi ta hannunta, sai dai ikonta ya zarce na isar da saƙo nesa ba kusa ba.

Mijinta, John Churchill, shi ne sarkin yaƙin da ya ci sojojin Faransa a Blenheim, wani ƙauye a ƙasar Jamus ta yau, a 1704, aka saka masa da fili da kuɗin gina katafaren gidan da har yau ake kira da sunan wannan yaƙi.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihinta shi ne yadda amincin ya lalace. Sarah mace ce mai kaifin basira da kaifin harshe, ta riƙa matsa wa sarauniya lamba kan siyasa, tana kuma daɗewa ba ta leƙa fada ba, alhali Anne tana fama da ciwo da baƙin cikin rashin 'ya'ya, domin ciki 17 ta yi amma babu ɗa ko ɗaya da ya rayu ya girma. A ganina Sarah ba ta yi wa wannan rauni adalci ba. Abigail Hill, 'yar'uwarta da ita da kanta ta samar wa aiki a fada, ita ce ta maye gurbinta da haƙuri da taushin magana. A 1710 Sarah ta yi ganawar ƙarshe da sarauniya, a 1711 aka karɓe makullin daga hannunta.

Ta fuskar iyali kuwa, ɗan Sarah namiji da ake sa ran zai gaji gidan ya rasu da cutar agana a 1703, don haka majalisar dokoki ta yi doka ta musamman da ta ba 'ya'yanta mata damar gadon sarautar Marlborough, wato sarautar da mijinta yake riƙe da ita, abin da ba a saba yi ba. 'Yarta Henrietta ce ta gaji mahaifinta a 1722. Ƙanwar Henrietta, wadda ita ma sunanta Anne, ta auri Charles Spencer, kuma daga tsatsonta Winston Churchill da Gimbiya Diana suka fito. Sarah ta rasu a 1744 tana da shekara 84, tana cikin matan da suka fi kowa dukiya a Turai.