Filtar firinta ta cinye min kod

Tambaya: Malam, na rubuta 'yar filta (ƙaramar manhajar da fayil ke bi ta cikinta kafin a buga shi) da shell, wato harshen umarni, a Linux don ta riƙa tura kod ɗina na Python da C zuwa firinta. Takarda na fitowa, amma duk layuka sun manne a gefen hagu, alamar \ ta ɓace, kuma inda na rubuta a * b sai ga jerin sunayen fayiloli. Firintar ce ta lalace? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, ka bar firinta ta huta, abin da ka ba ta shi ta buga. Ban ga filtarka ba, amma na tabbata akwai wannan a ciki: `while read layi; do echo $layi; done`. Kullum sai na yi maganar nan, kullum sai wani ya kwafo shi daga intanet.

Ɓarna uku yake yi. Umarnin read yana share tazarar farkon layi, Python kuwa da tazarar nan yake gane wane layi ke ƙarƙashin wane, don haka abin da ka miƙa wa malaminka ko an sake shigar da shi kwamfuta ba zai yi aiki ba. Idan babu -r, read yana haɗiye \. Sannan $layi da ka bari tsirara, ba alamar zance, shell na ganin tauraron nan sai ya maye gurbinsa da duk fayilolin foldar da yake ciki.

Ka mayar da shi `IFS= read -r layi`, sannan `printf '%s\n' "$layi"`. Amma me ya kai ka bin fayil layi-layi tun farko? Ni `enscript -E -C -p -` nake sa wa, manhajar da ke shirya rubutu don firinta, ya fito da lambar kowane layi.

Tambaya: Rubutu na fitowa kamar matakala, kowane layi ya ƙara matsawa dama. (Mai shagon buga takardu, Kano)

Amsa: Hajiya, Unix na rufe layi da LF kaɗai, wato alamar sauka sabon layi, firintarki kuwa na jiran CR ma, alamar komawa farkon layi. Ki bi da fayil ɗin ta unix2dos.

Tambaya: Filtata na aiki idan na kira ta da hannu, amma ta lpr, umarnin tura aiki firinta, shiru. (Mai karatu daga Maradi)

Amsa: CUPS, manhajar da ke kula da aikin firinta, da sunan lp yake gudanar da ita, ba da sunanka ba, kuma PATH ɗinsa, wato jerin foldojin da yake neman umarni a ciki, gajere ne. Rubuta cikakkiyar hanyar kowane umarni, ka yi chmod 755, ka kunna `cupsctl --debug-logging`, ka karanta /var/log/cups/error_log. In a Notepad ka rubuta ta, fara da dos2unix.