Keken yaro, tafiyar magariba da kuɗin unguwa: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 13 ya shiga kwaleji, kuma daga gidanmu sai ya ratsa babban titi kafin ya kai. Jika 60 (sefa dubu sittin) gare ni. Sabon keke zan saya masa ko na hannu? Mahaifiyarsa ta ce gara kabu-kabu. (Wani magidanci, unguwar Zariya, Maraɗi)

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya mana shi. Ni dai keken na fi so, domin ɗan kabu-kabu sauri yake ya sauke wannan ya ɗauki wancan, kuma da wuya ya ba yaro hular kwano. Amma kada sabon fenti ya ja ka. Na hannu mai ƙarfe na kirki ya fi sabon da birkinsa zai saki bayan wata biyu. Ka tafi da mai gyaran keken unguwarku. A matse birkin gaba a tura keken: in ƙafar baya ba ta ɗaga ba, birkin ba ya ci. A duba robar birkin, a juya tayoyin a ga ko sun karkace. Ka zaɓi taya mai faɗi, saboda yashin da ke kwance a gefen kwaltarmu yana kwashe siririn taya nan take.

Kuskuren da mu iyaye muka fi yi shi ne sayen babban keke wai yaro zai girma ya cim masa, kamar rigar salla. Ka ɗora shi a kan sirdi. In yatsun ƙafarsa biyu ba su taɓa ƙasa ba, a bar keken nan komai arharsa.

Kada kuma jika sittin ɗin su ƙare a keken. Ka ware na hular kwano, da ƙararrawa, da fitila fara a gaba, ja a baya. A hunturun bara, bayan magariba, ina kan babur cikin hazo, sai da na kusa taɓa wani yaro kafin na gan shi: rigarsa toka-toka, keken ba fitila, ƙaninsa a baya rungume da jakar littattafai. Na tsaya gefe jikina na rawa. Yaron bai yi laifin komai ba, ganinsa ne kawai ba a yi.

Sai batun kamiyo, wato manyan motocin ɗaukar kaya. Maraɗi mahaɗa ce, ga hanyar Yamai zuwa Damagaram, ga ta Ɗan Issa zuwa Katsina, manyan motoci ba sa yankewa. Ka ja masa kunne kada ya kuskura ya kutsa ta gefen kamiyo a wurin kwana, kada kuma ya kama bayanta ta ja shi. In bai ga fuskar direba a madubi ba, shi ma direban bai gan shi ba. Makon farko ka raka shi da kanka, musamman Litinin da Juma'a da kasuwa ke ci. A babban titin ya sauka ya tura keken ya tsallaka da ƙafa.

Tambaya: Ƴata ke kai abincin sayarwa bakin titi da yamma, ta dawo bayan isha'i. Tocila zan saya mata? (Wata uwa, Bagalam)

Saya mata, Hajiya, mai caji, ta riƙa haska ƙasa gabanta. Sai dai hijabi mai haske ya fi tocilar aiki, don baƙi da ruwan ƙasa ɓacewa suke da dare. Tunda a ƙasarmu motoci hannun dama suke bi, ita ta bi hagu, tana fuskantar abin da ke tahowa. In da hali, ki haɗa ta da babba su dawo tare.

Tambaya: Mun haɗa kuɗi a unguwa bayan mota ta buge almajiri a gaban masallacinmu. Wasu sun ce a yi tudun rage gudu, wasu fitilar sola, wasu fentin wurin tsallakawa. Kuɗin abu ɗaya za su yi. (Wani dattijo, Sabon Gari)

Allah ya ba yaron lafiya, Baba, ya saka muku da alheri. Tudun nake ba ku shawara. Fenti yashi zai rufe shi kafin damina, kuma ba ya tilasta kowa ya taka birki. Abin da ke kisa gudu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa yana ninkawa sau huɗu da rabi in gudun motar da ta buge shi ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, shi ya sa take ba da shawarar kilomita 30 a inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Titunan da aka shimfiɗa mana lokacin Maraɗi Kwalliya, bikin ranar Jamhuriya da aka yi a nan a 2015, sun yi kyau, amma sumul ɗin kwalta yana sa direba ya ƙara wuta.

Kada dai matasa su tashi da dare su zuba siminti ko su gitta icce. Tudun da ya cika tsayi, ba alama, ba haske, shi ke kayar da mai babur ɗauke da mace mai goyo. Ku je da mai unguwa ofishin magajin gari a rubuce, ku nemi izini da ma'aikacin da zai auna, ku roƙi su kawo allo da fitila tunda kun kawo naku.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko dala. Ku zauna da masu tebur da masu faci da ke bakin titin, cikin mutunci, domin abincinsu suke nema. In kowa ya ja baya taku biyu, almajirin da ke zuwa karɓar sadaka zai sami inda zai bi ba tare da ya hau kwalta ba.