Na biya kuɗin makaranta amma sun hana ni shiga ajin 'yata, zan iya kai su kotu?

Wani bawan Allah daga Kano ya rubuto cewa 'yarsa da ke aji uku a wata firamare mai zaman kanta ta dawo gida da shatin bulala a baya, washegari wajen ƙarfe goma ya nufi makarantar, mai gadi ya ce ya sa hannu a littafin baƙi ya jira a ofishin hedimasta, shi kuwa ya ture shi ya wuce har cikin aji ya yi wa malamar faɗa a gaban yara. Yanzu an aiko masa da takarda cewa kada ya sake wuce get, yana son ya shigar da ƙara kan tauye masa haƙƙi.

Malam, Allah Ya ba yarinya lafiya, duk uban da ya ga shati a jikin 'yarsa dole ransa ya ɓaci. Amma bisa abin da ka rubuto, kuma ɓangarenka kaɗai na ji, ina ganin ƙarar da kake shirin yi ba ta da ƙarfi, har ma tana iya juyowa kanka.

Kuɗin makaranta da ka biya kuɗin karantar da 'yarka ne, bai ba ka ikon shiga aji duk lokacin da ka ga dama ba. A idon doka makarantar tana hannun masu ita, kai baƙo ne da ke shiga da izini, izini kuwa ana gindaya masa sharaɗi ana kuma iya janye shi, kuma akwai yiwuwar fom ɗin da ka sa wa hannu ranar da ka kai ta ya ƙunshi amincewa da dokokinsu, ka nemo shi ka karanta. Sashe na 41 na kundin tsarin mulki da mutane ke yawan kafa hujja da shi maganar zirga-zirga ne da zama a ko'ina cikin Najeriya, ba ya buɗe wa kowa ƙofar harabar wani. Ko makarantar gwamnati ce haka abin yake.

Sannan ka duba lokacin da muke ciki. Bayan sace ɗalibai a Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Kankara a 2020 da Jangebe a 2021, gwamnatin tarayya ta fitar da manufar tsaron makarantu da ƙa'idojinta a 2021, toh da wuya ka samu alƙalin da zai ga laifin makaranta don ta ce baƙo ya rubuta sunansa ya jira a ofis. Mai gadin nan da ya tare ka, shi ne dai zai tare wani da zai zo gobe ya ce shi kawun 'yarka ne an aiko shi ya ɗauke ta.

Inda na fi jin tsoro shi ne turewar da shigar ajin. Sashe na 342 na Penal Code, wato dokar hukunta laifuffuka, ya bayyana shiga wurin wani da niyyar tsoratarwa ko cin mutunci ko ɓata rai a matsayin laifin kutse, ture mutum kuma laifi ne mai zaman kansa. Ban ce lallai za a same ka da laifi ba, sai an tabbatar da niyya, amma kada ka zama wanda zai tuna musu da wannan hanyar.

Duk da haka ba hannu biyu ka rasa ba. Ba su da ikon riƙe maka 'yarka idan ka zo ɗaukarta ta hanyar da aka tsara, sai dai in akwai umarnin kotu, kuma kana da damar a zauna da kai a yi maka bayani. Gaskiya abin ya ba ni haushi da makarantar ta yi saurin rubuta takardar hana ka shiga amma ba ta ce uffan kan dukan yarinya ba, alhali nan ne asalin maganar. Sai dai nan ma a bi a hankali, sashe na 55 na Penal Code ya ba malami damar ladabtar da ɗalibi muddin bai kai ga mummunan rauni ba, don haka girman raunin ne zai yi magana. Ka ɗauki hoto, ka kai ta asibiti a rubuta abin da aka gani tun shatin bai baje ba.

Shawarata, ka rubuta wa mai makarantar takarda cikin ladabi ka ajiye kwafi, ka ba mai gadi da malamar haƙuri kan abin da ya faru (lauya ya duba kalmomin kafin ka miƙa), ka nemi zama tare da shugaban PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, a binciki dukan, a janye takardar ko a sa mata wa'adi. In sun yi biris sai ka kai koke hukumar kula da makarantu masu zaman kansu ta jiha, ko cibiyar sulhu ta Multi-Door da ke ƙarƙashin babbar kotun Kano, ya fi sauri ya fi araha, shari'a kuwa tana iya kai wa har yarinyar ta gama firamare ba a yanke ba. Kafin nan kada ka sa komai a Facebook ko guruf ɗin iyaye na WhatsApp, mahaifiyarta ta riƙa kai ta tana ɗauko ta.