Yaya cikin ɓeran daji yake jure sauyin damina da rani?

Tambaya: Wani manomi daga Gumel ya rubuto yana cewa da damina yakan ga ɓerayen gona suna cin ɗanyar ciyawa da ƙwari, amma da rani sai busasshen iri da kara da saiwa. Shin cikinsu guda ne yake narkar da duk wannan, ko kuwa yana sauyawa?

Amsa: Yana sauyawa, kuma a ganina wannan na cikin abubuwan da suka fi ban sha'awa a halittar waɗannan dabbobi. Ɓera da kurege da gafiya ba sa tuƙa kamar saniya, kuma jikinsu ba ya iya narkar da zaren tsiro mai tauri da kansa. Abin da suka dogara da shi wata jaka ce a mahaɗar ƙaramin hanji da babban hanji, wadda ke cike da ƙwayoyin bakteriya masu ruɓar da wannan zare su mayar da shi sinadaran da jini zai ɗauka.

Idan abinci ya yi tauri kuma amfaninsa ya ragu, dole dabbar ta ƙara yawan abin da take ci, kuma gwaje-gwaje a kan ɓerayen daji iri-iri sun nuna cewa a irin wannan hali jakar tana girma, hanjin kuma yana ƙara tsawo da nauyi, domin abincin ya daɗe a ciki har a tatse shi sosai. Wannan ba ya ɗaukar dogon lokaci, tunda fatar cikin hanji tana sabunta kanta duk bayan kwana uku zuwa biyar. Haka ma uwa mai shayarwa hanjinta ke girma. Da abinci mai laushi ya dawo sai hanjin ya koma yadda yake, saboda riƙe babban hanji yana cin ƙarfin jiki ƙwarai.

Su ma ƙwayoyin bakteriyar suna bin lokaci. Wani bincike da aka wallafa a 2015 kan ɓerayen kurmi a Ingila ya gano cewa nau'ikan bakteriyar hanjinsu suna sauyawa a daidai lokacin da abincinsu ke komawa daga ƙwari zuwa iri. A Amurka kuwa, inda wani nau'in kurege ke kwana watanni a rami cikin hunturu ba ci ba sha, fatar hanjinsa tana motsewa, kuma an nuna a 2022 cewa bakteriyarsa na karɓar sinadarin da ya kamata ya fita a fitsari ta mayar wa jiki da shi.

A yankinmu matsalar rani ta fi ƙarfi wajen ruwa. Babban hanji yana tsotse ruwan da ke cikin kashi kafin ya fita, shi ya sa za ka ga kashin ɓeran daji ƙanana ne busassu, ƙoda kuma tana fitar da fitsari kaɗan mai kauri. Ɓeraye da yawa suna sake cin wani ɓangare na kashinsu mai laushi don su samu bitamin da furotin ɗin da bakteriya ta samar. Gafiya kuwa tana sauƙaƙa wa cikinta aiki ta wata hanyar, domin takan cika kumatunta da hatsi da gyaɗa tun da kaka ta tara a rami.