Ta ina za mu fara gyara shafin intanet na gidan tarihinmu?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye kusa da Birnin Kudu, kuma ina cikin kwamitin da ke kula da ɗan gidan tarihin yankinmu. Muna da shafin intanet, amma baƙi ba sa zuwa. Ta ina za mu fara gyara shi?

Amsa: Malam, ku fara da duba halin wanda zai buɗe shafin, domin galibi a ƙaramar waya zai buɗe shi, da data kaɗan, a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Shugaban makarantar da ke shirin kawo ɗalibai cikin mota guda yana son sanin ranakun da kuke buɗewa, ko kuna rufewa lokacin sallar Juma'a, nawa ne kuɗin shiga, da lambar wanda zai ɗaga waya in an kira. Waɗannan su zo a sama, kafin jawabin shugaban kwamiti, wanda a ganina bai kamata ya tare ƙofa ba. Ku haɗa da maɓallin WhatsApp, ku kuma sa wurin a Google Maps.

Ku rage nauyin kowane hoto zuwa ƙasa da kilobait 200, ku kuma tabbatar salon rubutun da kuka zaɓa yana nuna ɓ, ɗ da ƙ daidai.

Abin da ya fi jawo baƙo shi ne labari, kuma a nan kuna da abin da wasu ba su da shi. Zanen shanun da mutanen zamanin dā suka yi a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu yana ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, saboda haka shafinku ya nuna wa baƙo yadda zai haɗa ziyarar gidanku da ta duwatsun a yini guda. Haka Gidan Makama, gidan tarihin da ke Kano, yake cin moriyar sunan Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ku zaɓi kaya kaɗan, misali tsohon takobi ko wasiƙar ajami, ku ɗauke su kusa yadda za a ga tsatsa da tawada, sannan ku naɗi muryar dattijon da ya san asalinsu yana bayani cikin Hausa na minti ɗaya, saboda waɗanda ba sa karatun boko.

Kafin ku saki sabon shafin, ku miƙa wa wani mutumin ƙauyenku wayarsa, ku ce ya nemo kuɗin shiga ba tare da an nuna masa ba. Duk inda ya tsaya yana lalube, wurin yana bukatar gyara.