Sayen gida mai wurin ajiye motar RV a Amurka

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce takardunka na zama a Amurka sun fito, kuma burinka in ka zauna da gindinka ka sayi gida mai wurin ajiye motar nan da ke da gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda a nan ake kira RV, don yawon hutu da iyali, in ƙanenka ya zo karatu kuma ya riƙa kwana a ciki. Ka tambaye mu filin ƙafa nawa zai isa.

Girman fili ba shi ne farkon magana ba. A nan sai ka mallaki gida da makeken fili, amma a hana ka ajiye motar. Yawancin sababbin rukunin gidaje, musamman a Texas da Arizona da Florida, suna ƙarƙashin ƙungiyar masu gidaje da ake kira HOA, kuma dokokinta a manne suke da takardar mallakar gidan. Da ka saya ka shiga, ko ka karanta ko ba ka karanta ba. Da yawansu sun hana ajiye RV gaba ɗaya, wasu kuma sun yarda ta kwana ɗaya zuwa uku don loda kaya kawai. Wanda ya saɓa a ci shi tara, in ta taru bai biya ba ana iya ɗora bashin a kan gidan. Don haka kada ka dogara da bakin dillali, ko da tallar gidan ta ce akwai wurin RV. Nemi kundin dokokin a rubuce, ka karanta sashen motoci tun lokacin da kake da damar fasa cinikin ba tare da asarar kuɗin kafin alƙalami ba. A Florida an samu sauƙi a 2023, da dokar jiha ta hana waɗannan ƙungiyoyi tsoma baki a abin da ba a hango shi daga titi ko daga gidan maƙwabci. Sai dai ɓoye mota mai tsayin ƙafa 12 a bayan katanga mai ƙafa 6 ba ƙaramin aiki ba ne.

Ko babu HOA, akwai dokar gari. Wasu garuruwan sun ce sai a gefen gida ko a baya, a kan daɓe, da tazara daga iyakar maƙwabci. A nan ne shirinka game da ƙanenka zai fi samun cikas, domin garuruwa da yawa sun hana zama a cikin RV a unguwar gidaje ko da filin naka ne, kuma maƙwabci ɗaya ya isa ya kai ƙara. Kira ofishin tsara gari, ka ba su adireshin gidan, ka yi tambayoyin biyu daban: ajiyewa, da kwana a ciki. Mu dai shawararmu, a ware wa yaron ɗaki a cikin gida.

Sai awo, kuma da tef za ka je, ba da ido ba. Faɗin motar yakan kai ƙafa 8 da rabi, ban da madubai. Ɗakunan da ke turowa waje in an tsaya suna ƙara ƙafa 2 zuwa 3 a gefe. Babbar mai siffar bas tana iya kai ƙafa 45 daga gaba zuwa baya, tsayinta daga ƙasa zuwa sama kuma ya haura ƙafa 13 in an haɗa da na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi. Get mai faɗin ƙafa 12 shi ne kwanciyar hankali, mai ƙafa 10 kuwa kullum cikin fargaba za ka shiga. Ƙofar gareji ta gama-gari ƙafa 7 ce daga ƙasa zuwa sama, ta RV kuwa 14. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne auna ƙasa a manta da sama: lungun gefen gida ya isa, amma bakin rufi da indararo sun leƙo ƙafa 1 ko 2, ko akwai mitar gas a jikin bango, ko wayar lantarki ta yi ƙasa, ko reshen bishiya. Duba gangaren hanyar shiga ma, don bayan motar ya zarce tayoyin baya da nisa, gangare mai tsini yana sa ta kartar ƙasa. In tirela ce da ake ja, titin gaban gidan sai ya zama da faɗin da za ka yi ribas.

Daɓen ƙananan motoci kaurinsa inci 4 ne, babbar RV kuwa na iya wuce tan 13, sai ya tsattsage. A zuba inci 6 na kankare da rodi a kan tsakuwar da aka danne sosai, a ɗan karkata shi don ruwa ya gangara nesa da tushen gini. In gidan bayan gari ne mai sokawe, nemi taswirar inda tankin da bututunsa suke, domin nauyin mota yana fasa su. Takardar safiyo za ta nuna maka sashen filin da kamfanonin wuta da ruwa ke da haƙƙin bi, kuma kafin kowane haƙa a kira lambar waya 811 don kamfanonin su zo su sa alama a inda wayoyi da bututu ke binne, kyauta ne.

Wajen wuta, a kula sosai. Soket ɗin RV iri biyu ne: mai amfiya 30 a kan bolt 120, da mai amfiya 50 da ke ɗauke da 120 da 240. Mai 30 ɗin ya yi kama da tsohon soket ɗin injin busar da tufafi, wanda shi 240 ne, kuma mai wayarin da bai saba ba yakan haɗa shi haka, da an jona kayan wutar motar su ƙone. Ka faɗa masa sunansa, TT-30, ka ga ya gwada da mita kafin ka jona. Tsohon gida mai akwatin wuta na amfiya 100 sau da yawa ba ya ɗaukar ƙarin 50 sai an sauya akwatin.

Game da kuɗi, gida tukuna, mota daga baya. Masu ba da bashin gida suna duba tarihin biyan bashinka a Amurka, da aikin da ka yi, galibi na shekara 2, da kason albashinka da ke tafiya wajen biyan bashi kowane wata. Bashin RV da aka ci kafin gida yana rage abin da za su ba ka, wani lokaci ya rushe cinikin. Kamfanonin da ke saya tare da kai don kauce wa riba, irin su Guidance Residential, su ma suna wannan lissafin. In gidan da ya dace da aljihunka da makarantar yara ba shi da wurin motar, akwai filayen ajiya na haya a kusan kowane gari, ana biya wata-wata. Tambayi farashinsu a yankin, ka kwatanta da ƙarin kuɗin gida mai get da daɓe kafin ka yanke shawara.